Jirgin Yaƙin F-35: Taƙaddama Kan Tsada da Inganci

F-35 Lightning II jirgin yaƙi ne mai inji ɗaya da matuƙi ɗaya, wanda kamfanin Lockheed Martin na Amurka ke ƙerawa. Kamfanin ya samu kwangilar a watan Oktoban 2001 bayan ya doke Boeing a gasar gwaji, jirgin kuma ya fara tashi a watan Disamban 2006. Shi ne shirin makami mafi tsada a tarihin Amurka, kuma tun kafin ya shiga aiki ake kai ruwa rana a kan ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Asalin matsalar

Manufar ma'aikatar tsaron Amurka ita ce jirgi ɗaya ya wadatar da rundunoni uku, don a rage kashe kuɗi. Samfurin A na sojojin sama ne. Samfurin B na sojojin ƙundumbala (Marines) ne, yana tashi daga gajeren fili ya kuma sauka a tsaye. Samfurin C mai faɗin fikafikai na sojojin ruwa ne, don sauka a kan jirgin ruwa mai dakon jirage. An yi fatan akasarin sassan jiragen uku za su zama iri ɗaya, amma a ƙarshe abin da suka haɗa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Wani kuskuren da ya fi wannan ciwo shi ne fara ƙera jiragen da yawa alhali ba a gama gwaji ba. Duk lahanin da aka gano daga baya, sai an koma an gyara shi a jikin jiragen da aka riga aka biya kuɗinsu. A 2010 kuɗin shirin ya zarce iyakar da doka ta gindaya, sakataren tsaro Robert Gates ya sallami janar ɗin da ke jagorantarsa. Sojojin ƙundumbala sun ayyana nasu a shirye a 2015, na sama a 2016, na ruwa a 2019. Izinin ƙerawa gadan-gadan kuwa sai a watan Maris na 2024 aka bayar.

Kuɗin saye da kuɗin riƙo

Masu kare jirgin sukan nuna farashinsa. Na farko-farko sun haura dala miliyan 200 kowanne, amma daga baya samfurin A ya sauko zuwa kusan dala miliyan 80, wanda bai fi na wasu jiragen Turai da ba su kai shi fasaha ba. Wannan gaskiya ne, sai dai ba nan gizo ke saƙa ba. A rahotonsa na 2024, ofishin GAO mai bin diddigin kuɗin gwamnati ya ƙiyasta cewa shirin zai lashe sama da dala tiriliyan 2 zuwa 2088, kuma kusan tiriliyan 1.6 daga ciki na mai ne da gyara da kayan gyara da ma'aikata. Awa ɗaya a sama na cin fiye da dala dubu 30.

Ofishin ya kuma gano cewa a watan Maris na 2023 kusan kashi 55 cikin 100 na jiragen Amurka ne kawai ke shirye su fita aiki, saboda ƙarancin kayan gyara da dogaro da kamfanin a harkar kulawa. Jinkirin sabuwar manhaja ya sa gwamnati ta daina karɓar jirage daga Yulin 2023 zuwa Yulin 2024.

Me yake iyawa?

Gudunsa ya kai ninki 1.6 na saurin sauti, ƙasa da na F-16, tsohon jirgin yaƙin Amurka da F-35 ya zo maye gurbinsa. A wani gwajin 2015, matuƙin F-35 ya ruwaito cewa jirgin ya sha wuya a hannun F-16 a artabun kusa-da-kusa, masu suka kuwa suka samu abin faɗa. Amsar jami'an shirin ita ce ba don irin wannan faɗan aka yi shi ba. Ƙirar jikinsa da fentinsa tamkar layar zana suke gare shi a gaban rada, na'urar da ke gano jirage daga nesa, makamansa na ɓoye a cikinsa, kuma kwamfutarsa na tattara abin da rada da kyamarori shida suka hango ta nuna wa matuƙi a gilashin kwalkwalinsa. Manufa ita ce ya harbo abokin gaba tun bai san da shi ba. A atisayen Red Flag na sojojin saman Amurka na 2017 an ruwaito ya kakkaɓo kimanin jirage 20 kan kowane ɗaya da ya rasa, ko da yake atisaye ba yaƙi ba ne. Isra'ila ce ta fara sanar da amfani da shi a fagen daga a 2018, amma har yanzu bai gwabza a sama da rundunar da ta kai shi ƙarfi ba.

Kasuwa

Duk da sukar, jirgin ya samu masu saye da yawa. An miƙa sama da jirage 1,000. Birtaniya, Italiya, Japan da Ostireliya na amfani da shi. Finland ta zaɓi 64 da Switzerland 36 a 2021, Jamus ta biyo da 35 a 2022. An kori Turkiyya daga shirin a 2019 bayan ta sayi makaman kariyar sama na S-400 daga Rasha, abin da ya tuna wa sauran cewa manhaja da kayan gyara na hannun Washington. Rundunar saman Amurka kanta ta koma sayen F-15EX, sabon samfurin jirgin da ya fara tashi tun 1972, don ayyukan da ba sa buƙatar ɓuya daga rada.