Leɓen Katako a Kantar Filawud

Leɓen katako wani siririn tsagin katako ne da kafinta yake mannawa a gefen filawud, domin ya rufe bakinsa kuma ya ƙara masa ƙarfi. An fi yin sa a kantar littattafai, da kantocin shaguna, da na cikin kabad. A da, zarto da filen da ƙusa ne kayan aikin, amma yanzu injin hannu da ake kira rauta, tare da haƙoran da ake ɗaura masa, shi ne yake fitar da haɗin da ya fi tsabta.

Dalilin yin sa

Filawud fale-falen itace ne da ake jerawa a manne da gam, kowane falle yana gicciye jijiyar na ƙarƙashinsa, kuma yawansu kan zama mara, wato uku ko biyar ko bakwai zuwa sama. Faifansa yakan zo da faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, kuma mai kaurin milimita 18 ne aka fi yin kanta da shi. Garin Sapele da ke Jihar Delta ya daɗe da yin suna wajen sarrafa shi a Najeriya. Fuskar filawud tana da kyau, amma bakinsa yana nuna layukan fale-falen da ramukan da ke tsakaninsu, yana shan laima, yana kuma ɓantarewa idan ana jan kaya a kansa.

Amfanin da ya fi wannan girma shi ne hana lanƙwasa. Taurin kanta yana ƙaruwa sosai idan kaurinta ya ƙaru, ta yadda idan aka ninka kaurin katako sau biyu, taurinsa zai ƙaru sau takwas. Saboda haka leɓe mai milimita 35 ko 40 daga sama zuwa ƙasa da aka tsayar a gaban kanta yana aiki kamar ƙaramin azara, kuma duk wanda ya ga kantar malami a zauren Katsina ta yi ciki a ƙarƙashin manyan littattafan fiƙihu da tafsiri ya san abin da ake gudu. Siririn leɓe mai kauri ɗaya da filawud yana rufe baki ya ƙara ado, amma ba ya hana lanƙwasa sosai.

Haƙoran rauta

Ƙotar haƙori, wato sashen da ke shiga cikin injin, takan zo da kaurin rubu'in inci ko rabin inci, kuma mai rabin inci ta fi dacewa da wannan aiki domin ba ta rawa sosai. Bakin haƙoran zamani na kabaid ne, wani abu da ya fi ƙarfe tauri, wanda yake jure gam ɗin cikin filawud da kan dakusar da ƙarfe na yau da kullum cikin hanzari.

Haɗi mafi sauƙi shi ne a manna leɓen haka nan, fuska da fuska, kuma yana riƙewa, sai dai yakan zame sama ko ƙasa lokacin matsewa. Na biyu shi ne harshe da kwari: haƙori ɗaya ya haƙa kwari a tsakiyar bakin filawud, ɗayan ya fitar da harshe a jikin leɓen, kaurinsa kusan sulusin kaurin faifan. Na uku haƙora ne guda biyu masu tsini, ɗaya yana yanka kwari mai kusurwa, ɗayan yana fere leɓen ya shige ciki daidai. Wannan yana ba gam fili mai yawa kuma layin haɗin ba ya fitowa sosai, amma yana da aibi: idan aka matse shi fiye da kima, tsinin yakan tsaga fale-falen kamar yadda gatari yake tsaga icce.

Yadda ake aikin

Kaurin da aka rubuta wa filawud sau da yawa ba shi ne ainihin kaurinsa ba, don haka ana auna faifan da kansa, a gwada yankan a kan guntu kafin a taɓa kantar. Kwarin da bai zauna a tsakiya ba shi ne tushen yawancin ɓarnar da ake ɗora wa haƙori. Idan rauta tana hannu, ana tura ta daga hagu zuwa dama a gefen da ke fuskantar mai aiki, wato akasin juyin haƙorin. Idan an kifa ta a ƙarƙashin tebur, katakon ne ake turawa daga dama zuwa hagu. Babban haƙori yana bukatar a rage gudun injin, kuma yanka biyu ko uku marasa zurfi sun fi guda ɗaya mai zurfi.

Ana barin leɓen ya ɗara filawud kauri da milimita ɗaya ko biyu. Bayan an shafa farin gam an matse, a bar shi ya kwana, sai a share rarar da haƙori mai boris, wato 'yar taya mai juyawa a jikinsa, wanda boris ɗinsa yake bin fuskar filawud yayin da bakin yake aske abin da ya tsere. A nan ne hatsarin yake, domin fallen sama na filawud kan kasa milimita ɗaya, kuma idan injin ya karkata kaɗan zai ci shi har a ga na ƙasa. Shi ya sa ake ɗaure wani katako a gefe don gindin rauta ya sami wurin zama. Daga ƙarshe a kashe kaifin kusurwa da haƙori mai zagaye, a bi da samfefa.

Yanayin Katsina da Daura

Yawancin katakon da ake aiki da shi a arewa daga kudu yake zuwa, kuma sau da yawa da sauran ɗanyantaka a jikinsa. Filawud ba ya motsi sosai, amma katako yana ƙanƙancewa ta faɗinsa idan ya bushe. Leɓen da aka manna da damina da ɗanyen katako, iskar hunturu tana iya janye shi har ya sauka ƙasa da fuskar kantar ko ya murɗe. Saboda haka ana jera tsagin a inuwa, da tazara tsakaninsu, har ya saba da iskar garin kafin a fere shi. Madaci da loko suna ba da leɓe mai ƙwari da jure gogayya, obeche kuwa yana da sauƙin yanka amma laushinsa ya sa yake saurin lotsawa a bakin kantar shago.