Jinin da muke ɗiba bayan tiyatar ƙwaƙwalwa ba ɓarna ba ne

Kusan kowace safiya sai wata mai jinya ta tare ni a bakin gado: "Sista, wannan jinin da kuke ta ɗiba, me ya rage wa Baba a jiki?" Ba na ganin laifinta. Mahaifinta ne kwance, kai naɗe da bandeji, shekaranjiya aka buɗe ƙoƙon kansa aka kwashe jinin da ya taru bayan hawan jini ya fasa masa jijiya. Sai dai abin da ke shiga 'yar kwalbar nan bai wuce cokalin shayi ba, alhali jikin babba na ɗauke da jini wajen lita 5.

Idan jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, jiki kan tashi tsaye kamar an kawo masa hari. Fararen ƙwayoyin jinin da ake kira nutrofil su yi yawa, 'yan uwansu limfosait su ragu. Daga gwajin jinin da muka ɗiba, likita kan raba adadin na farkon da na biyun, kuma a jikin mai lafiya amsar takan tsaya tsakanin 1 da 3. Bincike ya nuna waɗanda tasu ta yi sama sosai sun fi kamuwa da ciwon huhu, sun fi kuma wahalar farfaɗowa.

Akwai kuma CRP, sinadarin da hanta ke fitarwa cikin jini idan jiki ya sami rauni ko cuta. Hawansa bayan tiyata ba abin tsoro ba ne: yakan kai ƙololuwa a kwana na 2 ko na 3, sannan ya fara sauka. In ya ƙi sauka, ko ya sauka ya sake hawa, sai mu shiga neman inda cuta ta ɓuya, ko huhu, ko mafitsara, ko wurin ɗinki. Shi ya sa gwajin rana ɗaya ba ya wadatarwa.

Don Allah kada ku riƙi takardar gwaji kamar hukunci. Maleriya ma takan hargitsa waɗannan lambobi. Likita yana haɗa su ne da yawan jinin da hoton ƙwaƙwalwa ya nuna, da shekarun mara lafiya, da yadda yake buɗe ido ko amsa kira. Rai na hannun Allah, mu namu mu gano matsala da wuri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kunu. Da daddare, saboda tausayi, sai a ɗago kan Baba a ɗura masa cokali biyu. Maƙogwaron da bai dawo daidai ba sai ya tura kunun huhu, wani lokaci ko tari ba zai yi ba. Bayan kwana ɗaya ko biyu zazzaɓi ya taso, fararen ƙwayoyin jini su hau. Kada a ba shi komai ta baki, ko ruwa ne, ko rubutu, sai an gwada haɗiyarsa an ce a ba shi. In an sa masa bututun hanci, ta nan abincinsa zai bi, kuma a bar kan gadon a ɗage.