Kambuna, Rawuna da Tufafin Fadar Burma

Tufafin fadar Burma su ne kayan da sarki da iyalinsa da manyan fadawansa suke sawa a ranakun biki da zaman fada, musamman a zamanin daular Konbaung, gidan sarauta na ƙarshe da ya mulki ƙasar da yau ake kira Myanmar, daga 1752 zuwa 1885. A wannan fada sutura doka ce. Abin da mutum zai ɗora a ka, da irin alharinin da zai ɗaura, har da launin laimar da za a riƙe masa, duk matsayinsa ne yake yanke masa, kuma wanda ya wuce gona da iri ya yi laifi. Farar laima ta sarki ce.

Abin da ake ɗorawa a ka

Kambin sarki shi ake kira magaik, dogo ne na zinariya da duwatsu masu daraja, an gina shi hawa-hawa yana tsukewa har ya ƙare da tsini. Yana cikin kayan sarauta biyar, tare da farar laima, da gajeren takobi, da takalma, da wutsiyar korar ƙuda. Matan gidan sarauta suna sa sibon, hular zinariya da take rufe gashin da aka tufke a tsakiyar ka. Wazirai kuwa doguwar hula ce tasu mai adon zinariya, a kan babbar riga ta karammiski.

Sai dai abin da ya fi bayyana matsayi shi ne salwe, silsilar zinariya da ake ratayawa a ƙirji ta haye kafaɗa. Igiyoyinta ake ƙirgawa: sarki 24, yarima mai jiran gado 21, manyan 'ya'yan sarki da sarakunan ƙabilar Shan 18, manyan wazirai 12, na ƙasa da su kuma daga 9 zuwa 3. Kamar yadda Bahaushe yake gane ɗan sarki da kunnuwan rawaninsa, haka bafaden Mandalay, babban birnin daular na ƙarshe, yake sanin wanda zai rusuna wa tun kafin a faɗi suna.

Saƙa da ɗinki

Yadin fada shi ne luntaya acheik, alharini mai zane kamar igiyar ruwa tana murɗe da furanni. Ana saƙa shi da ƙananan ƙoshiyoyi ɗari ko fiye, kowace da launin zarenta, masaƙa biyu ko uku suna zaune a masaƙa guda, aikin na tafiya kaɗan-kaɗan har makonni. Garin Amarapura da ke kusa da Mandalay shi ne gidan wannan sana'a har gobe, kuma duk cikin kayan fadar babu abin da ya kai ta gwaninta. Maza suna ɗaura shi a matsayin paso, mata kuma htamein mai jan ƙasa, da 'yar riga matsattsiya mai buɗaɗɗen gindi, htaingmathein. Bayan da sojojin Burma suka ci birnin Ayutthaya na Siyam (Thailand ta yau) a 1767, an kwaso 'yan rawa da masu sana'a zuwa fada, kuma tasirinsu ya shiga tufafin wasan kwaikwayo da na biki.

Bayan faɗuwar fada

A watan Nuwamba na 1885 Turawan Birtaniya suka shiga Mandalay, suka tuɓe Sarki Thibaw, suka kai shi Ratnagiri a Indiya tare da Sarauniya Supayalat, inda ya rasu a 1916. An tafi da kayan sarauta Landan, ba a mayar da su ba sai a 1964. Yau suna Gidan Tarihi na Ƙasa a Yangon.

Da dokar ta faɗi, kayan da aka hana talaka suka koma hannunsa, kuma wannan ne ya raya su. A bikin shinbyu, lokacin da ake shigar da yaro zaman zuhudu na ɗan lokaci a addinin Buddha, ana yi masa shigar ɗan sarki, da kambi da salwe, a ɗora shi kan doki a ƙarƙashin laima mai ruwan zinariya, don tunawa da Yarima Siddhartha, wanda ya zama Buddha, da ya bar fadar mahaifinsa. Daga nan a aske masa kai, ya tuɓe adon ya yafa mayafin zuhudu. 'Yan mata kuma suna sa sibon ranar hujin kunne. Amare, da 'yan rawan zat (wasan kwaikwayon gargajiya na Burma), da 'yan tsanan da ake kaɗawa da zare, duk shigar fada suke yi.

Rawanin gama-gari na maza, gaung baung, shi ma ya sauya. Dā ƙyallen alharini ne da ake naɗawa a kan gashin da aka tara aka ƙulle a ka. Da maza suka koma aski a zamanin Turawa, sai aka riƙa naɗa shi tun a kasuwa a kan wani saƙaƙƙen ƙwarangwal irin na kwando, a bar masa harshe guda a gefe, mutum ya kifa shi kamar hula. Ƙabilun Bamar da Mon da Rakhine da Shan kowa da irin naɗinsa da launin da ya fi so, kuma ango da ɗan majalisa da shugaban ƙasa farar hula duk da shi suke fita taro.