Kason tsiraru a kwangilolin gine-gine na gwamnatin Amurka: tambayoyi da amsoshi

Mene ne wannan sharaɗi?

Har zuwa 2025, idan gwamnati za ta ba da aikin hanya, gada ko filin jirgin sama da kuɗin tarayya, takan gindaya wa babban ɗan kwangila sharaɗin ya yanki wani kaso na aikin ya ba ƙananan kamfanonin baƙar fata, sauran tsiraru ko mata. Tun a takardar neman kwangilar zai rubuta sunayensu da kuɗin da kowanne zai samu. Kamfani ba ya shiga sahun sai ɗan tsiraru ko mace na riƙe da aƙalla kashi 51 cikin 100, kuma yana juya akalarsa da kansa.

Daga ina abin ya samo asali?

A 1974 Maynard Jackson ya zama baƙar fata na farko da ya hau kujerar magajin garin Atlanta. Ya kafe cewa ba za a gina sabon ginin filin jirgin sama ba sai an ba tsiraru kashi 25, manyan 'yan kwangila suka yi ta kumfar baki, amma aka gama aikin a 1980. Daga 1983 kuma ayyukan sufuri na tarayya suka samu ma'aunin kashi 10.

Wanda bai cika kason ba ya faɗi ke nan?

A'a. Sai dai ya nuna ya yi iya bakin ƙoƙarinsa: ya yi shela, ya tuntuɓi kamfanonin, ya rarraba aikin daidai ƙarfinsu.

Kotu ma ta sa baki a wannan lamari. Birnin Richmond, inda rabin jama'a baƙar fata ne amma abin da kamfanonin tsiraru suka samu cikin shekara biyar bai kai ko kashi ɗaya na kwangilolin ginin birnin ba, ya yanke musu kashi 30. Rigimar ta taso ne kan aikin saka masai a gidan yarin birnin, ka ji fa! Kamfanin Croson ya rasa aikin, ya garzaya kotu, a 1989 Kotun Ƙoli ta soke dokar: dole hukuma ta kawo hujjar wariya a harkar ginin yankinta, yawan jama'a kaɗai bai isa ba. Shari'ar Adarand ta 1995 ta ɗora wa gwamnatin tarayya irin wannan nauyin.

Ba a yin coge?

Ana yi, kuma a ganina nan gizo ke saƙa. Babban kamfani ya ari sunan ƙarami, ya yi aikin da ma'aikatansa da motocinsa, wani lokaci har a manna wa motocin tambarin ƙaramin, sannan a ba mai sunan ɗan na goro. A takarda kaso ya cika, amma ƙaramin bai koyi ko kwaɓa siminti ba. Shi ya sa masu sa ido ke zuwa wurin aiki suna tambayar leburori wa ke biyansu albashi.