Ma'anar ƙarancin inshorar gida

Ana cewa gida yana da ƙarancin inshora idan adadin kuɗin da aka rubuta a takardar yarjejeniya, wato iyakar abin da kamfanin inshora ya amince zai biya, bai kai abin da za a kashe wajen sake gina gidan daga tushe ba. Mai gidan yana biyan kuɗinsa duk shekara, takardunsa kuma suna nan daidai, amma ranar da gobara ko ambaliya ta auku sai ya tarar diyyar ba za ta tsayar masa da gida irin wanda ya rasa ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa kuɗin sayar da gida da kuɗin sake gina shi, alhali abubuwa biyu ne daban. Farashin sayarwa ya ƙunshi darajar fili da ta unguwa, shi kuwa fili wuta ba ta cinye shi. Kuɗin sake gini ya ƙunshi rushe abin da ya saura, kwashe ɓaraguzai, ladan mai zanen gini da injiniya, kuɗin izinin gini, kayan aiki da ladan magina, sannan sau da yawa dole sabon ginin ya bi ƙa'idojin yau waɗanda suka fi na lokacin da aka fara gina gidan tsauri.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne tashin farashin kayan gini. Tun daga 2020, lokacin da annobar korona ta dagula sufurin kaya a duniya, katako da ƙarfe suka yi tsada, yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 kuma ya ɗaga farashin makamashi, wanda da shi ake sarrafa siminti da rodi. Adadin da ya wadatar shekarun baya yana iya gazawa yau ba tare da mai gidan ya taɓa ko bulo ɗaya ba. Idan bala'i ya shafi gidaje da yawa lokaci guda, magina da kaya suna yin ƙaranci, farashi ya sake hawa. An ga haka bayan gobarar Marshall a jihar Kolorado ta Amurka a Disamban 2021, wadda ta ƙone gidaje sama da 1,000, inda masu gidaje da dama suka gano inshorarsu ba ta isa sake gini ba.

Akwai wani sharaɗi da mutane ba su cika lura da shi ba, kuma a ganina shi ne mafi ciwo. Yarjejeniyoyi da yawa suna ba kamfani damar rage diyya daidai da gwargwadon giɓin, ko da ɓarnar ba ta cinye gidan duka ba. A ce sake gina gida zai ci miliyan 100, amma an yi masa inshorar miliyan 60. Idan wuta ta lalata rufi da ɗakin girki, gyaran ya kama miliyan 20, kamfanin yana iya biyan kashi 60 cikin ɗari kawai, wato miliyan 12, sauran takwas kuma su fito daga aljihun mai gida, duk da cewa ɓarnar ba ta kusanci iyakar da aka rubuta ba. Hujjar kamfanin ita ce an biya shi kuɗin ɗaukar kashi 60 na haɗarin ne kaɗai.

Wasu da gangan suke rage adadin domin kuɗin shekara ya yi sauƙi, wasu kuma sun ƙara ɗaki ko bene ba su sanar ba. Wasu kamfanoni suna ɗaga adadin duk shekara bisa ma'aunin tsadar gini, sai dai idan ƙiyasin farko ya gaza, ƙarin ba ya cike giɓin. Shi ya sa ake son ƙwararren mai ƙiyasta kuɗin gini ya sake lissafi lokaci zuwa lokaci, musamman bayan kowane babban gyara.