Shin dattijon da ya ci kuɗin fanshonsa ya ci gadon 'ya'yansa?

An daɗe ana faɗa cewa dattijon da ya kashe kuɗin sallamarsa, ko ya sayar da gonarsa don neman magani, ya cinye haƙƙin magada. Wasu ma suna cewa bai halatta ya taɓa fiye da sulusi ba.

Masu wannan magana tausayin yara ne ya sa su, amma a fikihu babu gado sai an mutu. Muddin mutum yana raye da hankalinsa, dukiyarsa tasa ce: ya ci, ya yi jinya, ya je Hajji. Iyakar sulusi ta shafi wasiyya ce, da kyautar da aka yi cikin ciwon ajali. Bayan rasuwa ma sai an fitar da kuɗin likkafani, an biya bashi, an zartar da wasiyya, sannan a raba saura.

Gaskiya ne hadisi ya ce barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙo, kuma almubazzaranci haramun ne. Amma tsoho ya hana kansa maganin hawan jini don tara wa manyan 'ya'ya, ban ga hujjarsa ba.

Duba Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12, ka tambayi malamin da ya san rabon gado. Don Allah a tura wa iyaye da 'yan'uwa.