Isaac Newton

Isaac Newton (1642–1727) masanin lissafi ne da ilimin fizik ɗan ƙasar Ingila. Shi ya tsara dokokin motsi guda uku da dokar ƙarfin da ke sa abubuwa su jawo juna, ya kuma samar da reshen lissafin da ake kira kalkulas a zamani ɗaya da Bajamushe Gottfried Leibniz. Littafinsa na 1687, wanda aka fi sani da Principia, ya kasance ginshiƙin ilimin fizik fiye da shekara 200. Ya koyar a Jami'ar Kambirij, ya yi kimanin shekara 30 a gidan buga kuɗin Ingila, ya kuma shugabanci ƙungiyar masana ta Royal Society daga 1703 har rasuwarsa.

Haihuwa da ƙuruciya

An haife shi a ƙauyen Woolsthorpe da ke yankin Lincolnshire ranar 25 ga Disamba 1642 bisa tsohuwar kalandar da Ingila ke bi a lokacin, wadda ta yi daidai da 4 ga Janairu 1643 a kalandar yau. Shi ya sa littattafai ke saɓa wa juna kan shekarar. Mahaifinsa manomi ne mai rufin asiri da bai iya ko sa hannu ba, ya kuma rasu wata uku kafin haihuwar. Bakwaini aka haifi yaron, har ba a sa ran zai rayu ba.

Yana ɗan shekara uku mahaifiyarsa Hannah ta auri wani limamin coci mai dukiya, Barnabas Smith. Yaron bai bi ta agolanci ba, an bar shi hannun kakarsa, kuma uwar ba ta dawo gida ba sai bayan rasuwar Smith a 1653, da ƙanne uku. Akwai alamar abin ya tsaya masa a rai, domin a wani jerin zunubansa da ya rubuta a ɓoye a 1662 ya ambaci cewa ya taɓa yi wa uwar da mijinta barazanar ƙona su tare da gidan.

Wajen shekara 12 aka sa shi makaranta a garin Grantham, inda ya zauna a gidan wani mai haɗa magunguna. A nan ya yi suna wajen ƙera ƙananan abubuwa irin su agogon inuwa da ɗan injin niƙa mai aiki da iska. A 1659 uwar ta cire shi don ya kula da gona, noman kuma bai karɓe shi ba. Kawunsa William Ayscough da shugaban makarantar Henry Stokes suka shawo kanta ya koma karatu. A watan Yuni 1661 ya shiga Kwalejin Trinity a Kambirij a sahun ɗaliban da ke yi wa na sama da su hidima don a rage musu kuɗin makaranta.

Shekarun annoba

Manhajar jami'a a lokacin tana kan koyarwar Aristotle. Newton ya karanta Descartes da John Wallis da Robert Boyle da kansa, ba da umarnin wani malami ba. Ya sami digirin farko a 1665, a shekarar kuma annoba ta sa aka rufe jami'ar. Ya koma Woolsthorpe ya yi mafi yawan lokacinsa a can har farkon 1667.

A wannan tsakani ne ya haɗa dabarar gano saurin canjin abu a kowane ɗan lokaci da dabarar auna faɗin filin da ke ƙarƙashin lanƙwasasshen layi, ya gane cewa ɗaya juyin ɗaya ce. Wannan shi ne tushen kalkulas, kuma ya tattara shi a wata takarda ta Oktoba 1666 da bai buga ba. A nan kuma ya fara kwatanta ƙarfin da ke riƙe wata a kan hanyarsa da ƙarfin da ke faɗo da abu ƙasa. Labarin tuffar da ta faɗo daga bishiya daga bakinsa ya fito a tsufansa, ta hanyar abokinsa William Stukeley da wasu na kusa da shi. Babu ɗayansu da ya ce ta faɗo masa a ka. Masana tarihi kuma suna ganin cikakkiyar dokar ba ta nuna ba sai bayan kusan shekara 20.

Ya zama ɗan majalisar malaman Trinity a 1667. A 1669 Isaac Barrow ya sauka daga kujerar farfesan lissafi ta Lucas, aka naɗa Newton yana da shekara 26.

Haske da launi

Tun ƙarni na 11 Ibn al-Haisam ya kafa hujjar cewa gani yana faruwa ne idan haske ya shigo ido, kuma an fassara littafinsa Kitabul Manazir zuwa Latin, malaman Turai suka karanta shi ƙarnoni da dama. Asalin launi ne ya rage. Ra'ayin da ya fi yaɗuwa shi ne farin haske tsantsa ne, launuka kuwa suna samuwa idan ya gauraya da duhu ko wani abu ya sauya shi.

Newton ya rufe ɗaki, ya bar ɗan rami a taga, ya sa gilashi mai kusurwa uku a gaban hasken. Abin da ya sauka a bango doguwar shimfiɗa ce ta launukan bakan gizo maimakon da'ira. Sai ya ware launi ɗaya ya bi da shi ta gilashi na biyu, launin bai sauya ba. Da ya sake tattara launukan wuri ɗaya sai farin haske ya dawo. Ya yanke cewa farin haske gauraye ne, gilashin raba shi kawai yake yi saboda kowane launi yana karkata da nasa gwargwado. Ƙwazonsa a wannan bincike ya kai ga ganganci: ya taɓa cusa basilla tsakanin ƙwayar idonsa da ƙashi don ya ga abin da matsa ido ke haifarwa.

Ganin cewa gilashin na'urar hangen nesa yana jawo launuka a gefen hoto, sai ya ƙera wata mai amfani da madubin ƙarfe a 1668, tsawonta wajen inci 6. Ta biyu ce aka nuna wa Royal Society a 1671, aka zaɓe shi mamba a Janairu 1672, a wata mai biyowa ya aika da takardarsa kan haske. Masanin kimiyya Robert Hooke da wasu suka yi ta suka. Newton ba mai jure musu ba ne, ya ja da baya, bai fitar da littafinsa na haske, Opticks, ba sai 1704, shekara guda bayan mutuwar Hooke.

Principia

A watan Agusta 1684 masanin taurari Edmond Halley ya je Kambirij da tambayar da ta gagari shi da Hooke da Christopher Wren: wace irin hanya duniya mai zagaya rana za ta bi idan ƙarfin da rana ke jan ta da shi yana raguwa daidai da nisa sau nisa? Newton ya amsa nan take cewa siffar ƙwai ce, ya ce ya riga ya lissafa, ya nemi takardar bai gan ta ba. A watan Nuwamba ya aika wa Halley gajeren bayani, daga nan ya duƙufa har abin ya zama littafi mai kashi uku cikin Latin. Royal Society ba ta da kuɗin bugawa, don ta ƙarar da su a kan wani littafin kifaye, sai Halley ya biya daga aljihunsa. Ya kuma lallashi Newton lokacin da ya so janye kashi na uku saboda Hooke ya ce a wurinsa aka ɗauki ra'ayin. Littafin ya fito a Yuli 1687.

Dokar farko ta ce abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa, mai tafiya kuma zai ci gaba miƙe da saurinsa, sai in wani ƙarfi ya taɓa shi. Ta biyu ta ce canjin motsi yana daidai da ƙarfin da aka sa, kuma yana bin inda ƙarfin ya nufa. Ta uku ta ce duk abin da ya tura wani, shi ma ana tura shi baya da ƙarfi daidai da nasa. A kan waɗannan ya ɗora dokar jawo: kowane abu biyu suna jan juna gwargwadon yawan jikinsu, idan nisan ya ninka biyu ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wata yana nesa da tsakiyar ƙasa kamar sau 60 na nisan da ke tsakanin doron ƙasa da tsakiyarta, don haka jan da ake yi masa ya kamata ya zama kashi ɗaya cikin 3,600 na wanda ake yi wa dutse a hannu. Lissafin ya dace da tafiyar wata.

Da doka ɗaya ya bayyana dokokin masanin taurari Kepler na zagayen duniyoyi, da cikowa da janyewar teku, da hanyar taurari masu wutsiya, ya kuma ce ƙasa ta ɗan baje a samanta da ƙasanta. Awon da Faransawa suka yi a Lapland a 1736–37 ya tabbatar da wannan, tauraron da Halley ya yi hasashen dawowarsa kuma ya bayyana a ƙarshen 1758. Littafin yana da wuyar karatu, kuma hujjojinsa da zane-zanen joometiri, wato lissafin siffofi, aka gina su, ba da alamomin kalkulas ba. Masana a Faransa da Jamus sun soki cewa bai faɗi yadda abu ke jan wani ta sarari ba tare da taɓawa ba. A bugu na biyu na 1713 ya amsa cewa bai gano sababin ba kuma ba zai ƙirƙiri zato ba. Bugu na uku ya fito a 1726.

Rikici da Leibniz da Flamsteed

Leibniz ya buga nasa kalkulas a 1684, lokacin na Newton yana cikin akwati. Daga baya magoya bayan kowanne suka zargi ɗayan da sata. Kwamitin Royal Society ya ba Newton gaskiya a 1712, sai dai Newton ɗin da kansa ya rubuta rahoton. Matsayin masana a yau shi ne Newton ya riga ganowa, Leibniz ya riga bugawa, kowa da hanyarsa, kuma alamomin Leibniz ne aka fi amfani da su. Da masanin taurari John Flamsteed kuwa rigimar a kan kundin taurarinsa ce, wanda aka buga a 1712 ba da yardarsa ba. Flamsteed ya samo kwafi 300 cikin 400 ya ƙona.

Addini da alkimiya

Abin da ya rubuta kan addini da alkimiya, wato tsohon ilimin neman sauya ƙarafa da gano sirrin halitta, ya fi abin da ya rubuta kan fizik yawa. Ya yi shekaru yana hura murhu a ɗan ɗakin gwaji a Trinity. A 1693 ya shiga wani hali na rashin barci da zargin abokai, har ya aika wa John Locke da Samuel Pepys wasiƙu marasa daɗi. Wasu suna danganta hakan da gubar zaiba, wasu da gajiya da damuwa.

Kirista ne mai yawan nazarin Baibul, amma bincikensa ya kai shi ga ƙin aƙidar Triniti, wato Allah ɗaya cikin uku, yana ganin a ƙarni na 4 aka shigar da ita. Ya ɓoye wannan har ƙarshen rayuwarsa. A 1675 Sarki Charles na Biyu ya ɗauke wa kujerarsa sharaɗin zama limamin coci, abin da ya fitar da shi daga tsaka mai wuya. William Whiston, wanda ya gaje shi a kujerar ya kuma bayyana irin wannan ra'ayi a fili, an kore shi daga jami'ar a 1710.

Landan da gidan buga kuɗi

Newton ya wakilci jami'ar a majalisar dokoki a 1689–90 da 1701–02. A 1696 ministan kuɗi Charles Montagu ya samo masa muƙamin mai kula da gidan buga kuɗi, a ƙarshen 1699 ya zama shugabansa. Ya iso ana tsakar sake buga dukan kuɗin azurfa, saboda mutane sun yanke gefunansu, jabu kuma ya cika kasuwa. Muƙamin na shan inuwa ne a da, shi kuwa ya ɗauke shi da gaske, yana yi wa waɗanda ake zargi tambayoyi da kansa. Shahararren mai buga jabu William Chaloner ta hannunsa ya faɗa, aka rataye shi a Maris 1699.

A 1717, bayan rahotonsa, aka tsayar da darajar tsabar zinariya mai suna gini a kan sule 21, wato fam ɗaya da sule ɗaya. Sunan tsabar daga gaɓar Gini ta Afirka ta Yamma ya samo asali, inda ake kawo zinariyar, wasu ma an buga musu hoton giwa. Ya kuma zuba jari a Kamfanin South Sea, mai kwangilar kai bayi daga Afirka zuwa yankunan Sifaniya a nahiyar Amurka, ya tafka asara da hannun jarin ya rushe a 1720. Ana yawan ambaton fam 20,000, amma masu bincike sun saɓa kan adadin. Sarauniya Anne ta ba shi lambar girma ta Sir a 1705.

Tasiri

Da dokokinsa aka lissafo inda duniyar Neftun take kafin a hango ta a 1846. Albert Einstein ya zo da bayanin da ya fi nasa daidai a 1915, amma da na Newton ake yawancin lissafin injiniya, kuma ma'aunin ƙarfi na duniya sunan Newton yake ɗauke da shi.

Rasuwa da takardunsa

Bai taɓa aure ba. 'Yar ƙanwarsa Catherine Barton ce ta riƙe masa gida a Landan, mijinta John Conduitt kuma ya gaje shi a gidan buga kuɗi. Ya rasu a Kensington ranar 20 ga Maris 1727 bisa tsohuwar kalanda, 31 ga wata a sabuwa, yana da shekara 84, aka binne shi a cocin Westminster Abbey. Littafinsa kan tarihin tsoffin dauloli ya fito a 1728, wanda ya rubuta kan annabce-annabcen Daniyel da Ru'ya ta Yohanna kuma a 1733.

Wanda aka sa ya duba sauran takardun bayan rasuwar ya ce yawancinsu ba su dace a buga ba. Sun bi ta hannun 'yar Conduitt zuwa gidan sarautar Portsmouth, wanda ya ba Kambirij ɓangaren kimiyya a 1872. Ragowar an yi gwanjonsu a Landan a 1936. Masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya sayi da yawa daga na alkimiya ya bar wa Kwalejin King's ta Kambirij, Abraham Yahuda kuma ya tara na addini, waɗanda yanzu suke ɗakin karatu na ƙasa a Birnin Ƙudus.